Manhaja Ɗaya, Riguna Iri-Iri

Duk wanda ya taɓa aika wa iyayensa kuɗi ta wayar hannu daga Nima zuwa Kumasi ko Tamale ya san hanya biyu ce. Mai babbar waya zai buɗe manhaja ya taɓa hoto da yatsa. Mai ƙaramar waya kuwa sai ya danna *170#, jerin lambobi ya fito, ya zaɓa. Asusun ɗaya ne, fuskar kawai aka sauya. Dama Bahaushe ya ce idan kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya.

Wannan sauyin ba ƙaramin aiki ba ne ga masu tsara manhaja. Tsarin lambobin nan da ake kira USSD ba ya ɗaukar fiye da haruffa 182 a shafi guda, saboda haka dole a taƙaita magana ba tare da an rikitar da tsohuwar da ke jiran kuɗin cefane ba. A kwamfuta ma haka ne: allon rubutunmu a Ghana da Q yake farawa, na 'yan'uwanmu a Kamaru da Cadi kuwa yawanci da A, irin na Faransa.

To, a nan ne Hausa take shan wahala. Haruffanmu masu lanƙwasa, wato ɓ, ɗ da ƙ, suna cikin tsarin Unicode tun shekarun 1990, amma ba sa cikin haruffan da aka ware wa saƙon tes. Saƙo guda yana ɗaukar haruffa 160, amma da zarar ƙ ɗaya ta shiga sai ya koma 70, a caji mutum kuɗin saƙo biyu ko uku. Wasu ƙananan wayoyin ma ɗan akwati suke nunawa a gurbin harafin. Shi ya sa mutane da yawa suka jefar da lanƙwasar, ƙafa ta zama kafa, ƙasa ta zama kasa.

Mu da 'ya'yanmu ba sa karatun Hausa a yawancin makarantu, a waya suke ganin rubutunta. Abin da suka gani shi za su ɗauka daidai. Don haka mai babbar waya ya shiga saitin Gboard ya ƙara Hausa, kyauta ne, kuma a WhatsApp harafi mai lanƙwasa ba ya ƙara ko kwabo. Allah ya sa mu dace.