Kashe Zafin Tiyata da Kula da Majiyyaci: Daga Madina ta Dā zuwa Asibitin Yau

Ilimin kashe zafin tiyata reshe ne na likitanci da ke kula da yadda za a hana majiyyaci jin raɗaɗin yanka da ɗinki, ko dai ta hanyar gusar da hankalinsa na ɗan lokaci, ko ta hanyar kashe sashen jikin da za a yi wa aiki, tare da kiyaye numfashinsa da bugun zuciyarsa da gudanar jininsa har ya dawo hayyacinsa. Halin da ake sa mutum a ciki ya sha bamban da barcin dare, domin mai barci yana numfashi da kansa, yana tari idan wani abu ya sarƙe shi, yana farkawa idan ya ji zafi, alhali wanda aka sumar da magani ya rasa duk wannan kariya, kuma dole a sami wani ƙwararre da zai tsaya a kansa ya yi masa abin da jikinsa ya daina yi. Saboda haka ne aikin likitan allurar barci yake farawa tun kafin a shiga ɗakin tiyata, kuma ba ya ƙarewa da ɗinkin ƙarshe.

Madina tana da tsohon tarihi a wannan sha'ani. A Ƙuba, unguwar da ke kudu da Masallacin Annabi (SAW), inda aka gina masallacin farko a Musulunci a shekarar 622, Asma'u 'yar Abubakar ta haifi Abdullahi ɗan Zubairu bayan ta yi hijira daga Makka da tsohon ciki. Bayan yaƙin Handaƙ a 627, an kwantar da Sa'adu ɗan Mu'azu a hemar Rufaida cikin masallaci, inda take jinyar masu rauni. Sai dai labarin da ya fi shafar kashe zafi shi ne na ƙanin Abdullahi, wato Urwatu ɗan Zubairu, ɗaya daga cikin manyan malaman fiƙihu bakwai na Madina. Masu tarihi irin su Zahabi da Ibn Kasir sun ruwaito cewa a tafiyarsa zuwa Sham wajen Halifa Walidu ɗan Abdulmalik, wanda ya yi mulki daga 705 zuwa 715, ciwo ya kama ƙafarsa har naman ya fara ruɓewa, likitoci suka ga babu makawa sai an yanke ta, suka ba shi shawarar ya sha abin da zai gusar masa da hankali, shi kuwa ya ƙi don kada ya shagala ga barin ambaton Allah, aka yanke ƙafar yana farke. Masu wa'azi suna kawo labarin don nuna haƙuri, kuma ya cancanci haka, amma akwai wani abu a cikinsa da ba a cika lura da shi ba: tun a ƙarni na farko na Hijira likitoci suna da maganin sumarwa, suna miƙa shi ga majiyyaci a matsayin abin da aka saba, kuma ƙin da Urwatu ya yi zaɓi ne na kansa, bai mai da shi hukunci a kan kowa ba.

Malaman mazhabar Malikiyya, wadda Hausawa ke bi, sun yi bayanin hukuncin dalla-dalla. Ƙarafi, malamin Masar da ya rasu a 1285, ya rarrabe tsakanin abin maye, wanda ke gusar da hankali tare da nishaɗi, da abin sumarwa, wanda ke ɗauke hankali da ji da gani baki ɗaya, ya nuna cewa hukuncinsu ba ɗaya ba ne. Ibn Farhun, alƙalin Madina da ya rasu a 1397, ya ga halascin shayar da mai sumarwa don yanke gaɓa, bisa dalilin cewa cutarwar maganin ba ta kai ta barin gaɓar ba. A zamanin nan Shaikh Muhammad al-Mukhtar al-Shinƙiɗi ya rubuta kundin digirinsa na uku kan hukunce-hukuncen tiyata a Jami'ar Musulunci ta Madina, wadda aka kafa a 1961, kuma Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1997, ta lissafa iskar sumarwa cikin abubuwan da ba sa karya azumi muddin ba a yi wa majiyyaci ƙarin ruwa mai ciyarwa ba.

Magungunan da likitocin dā suka dogara da su daga tsirrai suke. Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya ambaci ofiyom da wasu tsirrai 'yan dangin zaƙami cikin masu kashe zafi, kuma ya yi gargaɗi kan haɗarinsu, domin ba a da hanyar auna ƙarfinsu, tazarar da ke tsakanin abin da zai sumar da abin da zai kashe kuwa ƙanƙanuwa ce. Lamarin ya sauya ranar 16 ga Oktoba, 1846, lokacin da William Morton ya shaƙa wa wani majiyyaci tururin wani sinadari mai suna ita a babban asibitin Massachusetts da ke Boston a Amurka, aka cire masa ƙari a wuya a gaban likitoci. A 1847 James Simpson ya fara amfani da kulorofom a Edinbara, a 1884 Carl Koller ya kashe zafin ido da hodar ibilis a Biyana, a 1898 kuma August Bier ya yi allurar baya ta farko a Jamus.

A yau likita yana zaɓar hanya gwargwadon aikin da lafiyar majiyyaci. Ƙaramin aiki, kamar ɗinkin rauni ko cire haƙori, allurar lidokain a wurin ta wadatar, domin tana toshe saƙon zafi a jijiya kafin ya isa ƙwaƙwalwa. Aikin da ke ƙasa da cibiya, kamar tiyatar haihuwa, da gwaiwa, da karayar ƙugu, galibi da allurar baya ake yin sa, inda ake zuba magani kaɗan cikin ruwan da ke kewaye da jijiyoyi a ƙasan gadon baya, ƙasa da inda laka ta tsaya, sai ƙafafu da mara su mutu na awa biyu zuwa uku, majiyyaci yana farke yana numfashi da kansa. Tsoron da ya yaɗu tsakanin mata cewa wannan allura tana shanye ƙafafu ya wuce gona da iri, domin irin wannan lahani yana da wuyar aukuwa ƙwarai. Abin da aka fi gani shi ne faɗuwar awon jini, wadda ake gyarawa nan take da ruwa da magani, da ciwon kai na 'yan kwanaki ga wasu. Ga mai haihuwa, allurar baya ta fi sumarwa aminci a mafi yawan lokuta.

Sumarwa ta gaba ɗaya ita ce ta fi buƙatar bayani, domin abubuwa uku ake nema a cikinta, kowanne da maganinsa. Ana gusar da hankali da allura irin su furofofol, wadda ke aiki cikin ƙasa da minti ɗaya, sannan a ci gaba da iskar shaƙa; ana kashe zafi da dangin mofin, domin jiki yana amsa yanka da hauhawar jini da bugun zuciya ko da mai shi bai sani ba; ana kuma saki tsoka da wani magani, wanda Harold Griffith ya fara shigo da irinsa ɗakin tiyata a Kanada a 1942, don likitan fiɗa ya iya aiki cikin ciki ko ƙirji. Wannan magani na uku yana tsayar da tsokar numfashi ita ma, shi ya sa ake zura bututu ta baki zuwa maƙogwaro a haɗa shi da na'urar da ke hura huhu. Mintunan da ke tsakanin tsayawar numfashi da shigar bututu su ne mafi haɗari a duk aikin, domin ƙwaƙwalwa ba ta jure rashin iskar oksijin fiye da 'yan mintuna. Ƙaramar na'urar da ake maƙalawa a yatsa, wadda injiniyan Japan Takuo Aoyagi ya gano asalinta a farkon shekarun 1970, tana nuna yawan oksijin a jini, tana kuma yin ƙara idan ya sauka, tun kafin leɓɓa su sauya launi, abin da ke da wuyar ganewa da ido ga mai baƙar fata.

Idan aka koma Madina ta yau, maziyartan Ƙuba da Masallacin Annabi (SAW) daga Kano, Sakkwato, Maraɗi da Damagaram da yawansu dattawa ne, masu hawan jini ko ciwon suga, waɗanda zafin rana da doguwar tafiya a ƙasa suka gajiyar, kuma zamewa a banɗaki, da murɗewar hanji, da ciwon zuciya, da gyambon ƙafar mai suga sukan kai wasunsu ɗakin tiyata a asibitocin Madina irin su Asibitin Sarki Fahad, da na Uhudu, da Cibiyar Zuciya ta Madina. Hukumomin Saudiyya suna yi wa alhazai magani kyauta a lokacin aikin Hajji, har da tiyatar zuciya. Kayan aiki ba su ne matsalar irin wannan majiyyaci ba. Matsalarsa ita ce likitan bai san shi ba, ba shi da fayil, kuma sau da yawa ba sa jin harshen juna. Duk da cewa Madina tana da tsofaffin iyalai 'yan asalin ƙasar Hausa, kuma hukumar alhazai ta Nijeriya tana tafiya da tawagar likitoci, bai kamata a bar neman tafinta ga sa'a ba, domin yardar da majiyyaci ya sa wa hannu bai fahimce ta ba, ba yarda ba ce.

Tambayoyin da ake yi kafin tiyata kowacce tana da dalili. Ana tambayar yaushe aka ci abinci na ƙarshe saboda wanda aka sumar ba ya iya kare huhunsa idan abin da ke cikinsa ya taso, haɗarin da Curtis Mendelson ya bayyana a 1946 a kan mata masu haihuwa. Ƙa'idar ita ce a bar abinci awa 6, ruwa zalla kuma awa 2 kafin aiki, kuma ɗan'uwan da ya ba majiyyaci koko a ɓoye don tausayi ya jefa shi cikin haɗari. Ana tambayar magungunan da ake sha saboda masu tsinka jini suna iya hana allurar baya, na suga kuma suna buƙatar gyara a ranar da ba a ci abinci ba. Jiƙo da garin magani na gargajiya suna cikin lissafi, haka ma taramol da kodin, domin wanda jikinsa ya saba da su yana buƙatar wani awo dabam, kuma ɓoye wannan don kunya yana sa ya farka cikin azaba. Mai sikila dole ya faɗa, saboda sanyi da ƙarancin ruwa da ƙarancin oksijin suna tayar masa da ciwo, wani lokaci har sai an yi masa ƙarin jini kafin aiki. A 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da takardar tantancewa da ake karantawa a bayyane kafin sumarwa, da kafin yanka, da kafin fita, a tabbatar da sunan majiyyaci da gaɓar da za a yi wa aiki da adadin kayan da aka yi amfani da su. A gwajin da aka yi a asibitoci takwas na ƙasashe daban-daban, mace-mace sun ragu daga kashi 1.5 zuwa 0.8 cikin ɗari.

Bayan tiyata ne al'adar dauriya take yin ɓarna. Bahaushe yana girmama wanda bai yi raki ba, tun daga kaciya har zuwa naƙuda, kuma majiyyaci da yawa suna amsa wa nas da “da sauƙi” alhali suna cije haƙora. Zafin da ba a kashe ba kuwa yana da illa ga jiki: wanda aka yi wa aikin ciki yana jin tsoron jan dogon numfashi da tari, majina ta taru, huhu ya kamu, yana ƙin tashi ya taka, jini ya daskare a jijiyoyin ƙafa, gudan ya iya tafiya huhu, zuciyar dattijo kuma tana wahala da hauhawar jinin da zafi ke kawowa. Babu na'urar da ke auna raɗaɗi, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, shi ya sa ake roƙon majiyyaci ya kimanta zafinsa daga 0 zuwa 10, a ba shi magani, a dawo a sake tambaya. Hanyar da aka fi yarda da ita ita ce haɗa magunguna masu aiki ta fuskoki daban-daban, farasitamol a kan lokaci, da masu rage kumburi ga wanda ƙodarsa da cikinsa ke lafiya, da allurar kashe jijiyar wurin, sannan mofin gwargwadon buƙata, domin a rage yawansa da illolinsa, wato amai da taurin bayan gida da raunin numfashi. Annobar shan kodin da ta sa gwamnatin Nijeriya ta hana sarrafa maganin tari mai ɗauke da shi a 2018 gaskiya ce mai ɗaci, amma kuskure ne a mai da ita hujjar hana wanda aka yanka jiya mofin na kwana biyu a ƙarƙashin kulawar asibiti.

Alhajin da ya dawo gida yana dawowa ne inda ƙwararrun wannan fanni suka yi ƙaranci matuƙa. Ƙungiyar likitocin allurar barci ta duniya, a binciken da ta wallafa a 2017, ta ba da shawarar a sami aƙalla likita 5 ga kowane mutum 100,000, Nijeriya da Nijar kuwa ko 1 ba su kai ba, kuma waɗanda ake da su sun taru a asibitocin koyarwa irin su na Aminu Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, da na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. A asibitocin ƙananan hukumomi nas-nas da aka horar su ne ke riƙe da aikin, sun kuma fi dogara da allurar baya da ketamin, maganin da aka haɗa a 1962, wanda ke barin majiyyaci yana numfashi da kansa kuma ba ya kayar da awon jini, ko da yake yakan kawo mugayen mafarkai wajen farkawa. Abin da irin waɗannan asibitoci suka fi buƙata ba mai tsada ba ne idan aka gwada da ginin ɗakin tiyata kansa: iskar oksijin da ba ta yankewa, na'urar yatsa ga kowane majiyyaci, jini a ajiye, da ɗakin farfaɗowa mai nas da ba ta da wani aiki sai duban waɗanda aka fito da su har su iya kare numfashinsu da kansu.