AMSOSHIN TAKARDUNKU: Ɗan Wasan Baya Yana Cin Abinci Da Ƙwallo Kuwa?

TAMBAYA: Wani mai sauraronmu, manomi kuma mai sayar da hatsi daga yankin Funtuwa, ya aiko da takarda yana cewa yana da yaro ɗan shekara 16 wanda ƙwallo ta ɗauke wa hankali. Kullum a baya ake ajiye shi, bai taɓa jin an ce ya jefa ƙwallo a raga ba, ga shi yanzu ya ce zai bar makaranta ya rungumi wasa. Shi ne yake so a yi masa bayanin aikin ɗan baya, kuma ko akwai wanda ya taɓa zama wani abu ta wannan hanya.

AMSA: To Malam, mun gode da wannan takarda, Allah Ya shirya mana zuri'a. Amsa a taƙaice ita ce e, ɗan baya yana cin abinci da ƙwallo, har ma ya yi suna. Amma sana'a ce mai gajeren kwana, kuma wanda ya shige ta ba tare da tanadin gobe ba yakan yi da-na-sani.

Bari mu fara da aikin kansa. Ka san 'yan wasa 11 ne a kowane ɓangare. Gaban mai tsaron gida akan jera mutum huɗu, wani lokaci uku ko biyar, su ne 'yan baya. Biyu suna gefe, dama da hagu, wato lamba 2 da lamba 3 a lissafin da aka saba. Biyu kuma suna tsakiya, yawanci dogaye masu ƙarfi, don ƙwace ƙwallon sama da ka. Aikinsu shi ne su tare hanya, su manne wa ɗan gaban abokan karawa, su raba shi da ƙwallo ba tare da ƙeta ba, sannan su miƙa ta gaba.

Kai manomi ne, ka san amfanin shinge. Ba shinge ke fid da zangarniya ba, amma gonar da ba ta da shi rabon awaki ce. Haka ɗan baya yake. Ɗan gaba zai ɓarar da dama biyar, ya ci ta shida, a ɗauke shi a kafaɗa. Ɗan baya kuwa zai yi minti 89 yana aiki lafiya lau, ya yi kuskure ɗaya, a yi mako ana zaginsa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Idan ya yi ƙeta a cikin da'irar gidansu, bugun daga kai sai mai tsaron gida ne. Idan ya kayar da wanda ya nufi raga babu kowa gabansa, yana iya samun jan kati. Kuma tun 1992 aka hana mai tsaron gida kama ƙwallon da ɗan'uwansa ya mayar masa da ƙafa da gangan, saboda haka dole ɗan baya ya iya sarrafa ƙwallo, ba dukan kawo-wuƙa kawai ba.

Sai dai akwai wata baiwa a wannan wuri. Tunda yana baya, fili duka yana gabansa, yana ganin abin da sauran ba sa gani. Shi ke tsawatawa, shi ke jera 'yan'uwansa don a kama abokin karawa da satar gida. Shi ya sa za ka ga sau da yawa ɗan baya ne kyaftin.

Misalin da za mu ba ka shi ne marigayi Stephen Keshi, wanda ake wa laƙabi da Big Boss, wato babban maigida. An haife shi ranar 23 ga Janairu, 1962, asalinsa mutumin Illah ne a Jihar Delta ta yanzu. Ya fara da ƙungiyar ACB ta Legas a 1979, sannan ya koma New Nigeria Bank ta Binin, inda suka ci kofin WAFU na Afirka ta Yamma a 1983 da 1984. Yana ɗan shekara 22 ya buga wa Nijeriya gasar cin kofin Afirka ta 1984, inda Kamaru ta doke mu da ci 3 da 1 a wasan ƙarshe.

Daga nan sai hukumar ƙwallo ta ƙasa ta dakatar da shi tare da wasu abokan wasansa, bisa laifin makara zuwa sansanin horo. Wani hani ga Allah baiwa ne. A 1985 ya tsallaka Kwaddibuwa, ya yi wa Stade d'Abidjan wasa, sannan Africa Sports. A 1986 ya wuce Beljiyam, ƙungiyar Lokeren. Shekara guda kacal babbar ƙungiyar ƙasar, Anderlecht, ta ɗauke shi. A can suka ci kofin ƙalubale na Beljiyam a 1988 da 1989, suka kai wasan ƙarshe na wata gasar Turai a 1990 inda Sampdoria ta Italiya ta yi galaba, suka kuma zama zakarun ƙasar a 1991. Bayan nan ya koma Strasbourg ta Faransa.

Bai ci shi kaɗai ba. Zuwansa Beljiyam ya buɗe wa 'yan Afirka da dama ƙofa, kuma shi ne ya yi wa matashin nan na Ghana, Nii Lamptey, hanya zuwa Anderlecht.

To amma Malam, ga inda muke so ka saurara da kyau. A 1994, lokacin da Nijeriya ta ci kofin Afirka a Tunisiya bayan ta doke Zambiya da ci 2 da 1, Keshi ne kyaftin, shi ya ɗaga kofi, amma bai buga wasan ƙarshen ba. Shekarunsa 32 kacal, rauni ya riga ya fara cin ƙarfinsa. A gasar cin kofin duniya ta Amurka a wannan shekara, wasa ɗaya ya buga, wanda aka doke Girka da ci 2 da nema. Ya ƙarasa da ƙananan ƙungiyoyi a Amurka da Malesiya, ya rataye takalmi bai kai shekara 40 ba. A wannan shekarun, ai manomi ko ɗan kasuwa yanzu ma ya fara kama ƙasa. Gaba ɗaya ya buga wa Nijeriya wasa 64, ƙwallo 9 ya ci. Ka ga ba da cin ƙwallo ya yi suna ba.

Abin da ya cece shi shi ne ya nemi ilimin horar da 'yan wasa, ga Turanci, ga Faransancin da ya koya a yawonsa. Da wannan ya samu aiki a Togo, ya kai ta gasar cin kofin duniya ta 2006, karon farko a tarihinta, amma aka sallame shi kafin a tafi Jamus. Ya riƙe Mali daga 2008 zuwa 2010. A 2011 aka ba shi Super Eagles. A gasar Afirka ta 2013 a Afirka ta Kudu ya ɗauki wasu yaran da ke wasa a gida, ya dogara da matasa biyu a tsakiyar baya, Godfrey Oboabona da Kenneth Omeruo. A wasa 6, ƙwallo 4 kawai aka jefa musu, suka doke Burkina Faso da ci ɗaya mai ban haushi a wasan ƙarshe, Sunday Mba ne ya ci. Da haka Keshi ya zama mutum na biyu da ya ci wannan kofi yana ɗan wasa ya kuma ci yana koci, bayan Mahmud El-Gohary na Masar. Ya kai Nijeriya zagaye na biyu a gasar duniya ta 2014, aka sallame shi a 2015. Ya rasu a Binin a watan Yuni na 2016 yana da shekara 54. Babban filin wasa na Asaba sunansa yake ɗauke da shi.

Saboda haka shawararmu ita ce, kada ka raina yaro don yana baya, kuma kada ka hana shi wasa da ƙarfin tsiya. Amma kada ka yarda ya bar makaranta. Masu buga ƙwallo a filayen ƙauye da unguwa ba su ƙidayuwa, waɗanda ke kaiwa ga albashi 'yan kaɗan ne, kuma karaya ɗaya tana iya kawo ƙarshen magana. Ya yi karatu da safe, ya yi atisaye da yamma, da damina kuma ya bi ka gona. Idan da rabo, ya fara da ƙungiyar makaranta ko ta ƙaramar hukuma, masu neman 'yan wasa za su gan shi. Sannan ka yi hattara da dillalan da za su ce ka sayar da shanu ko gona don su kai shi Turai. Ƙungiyar kirki ita ke biyan ɗan wasa, ba ita ake biya ba.

Da fatan mun gamsar da kai, Malam, da sauran iyaye masu irin wannan damuwa. Sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu. Ku huta lafiya.