Tushen Dimokuraɗiyya da Bunƙasarta a Garwa da Arewacin Kamaru

1.0 Gabatarwa

Kalmar dimokuraɗiyya baƙuwa ce a Hausa. Asalinta daga Girkanci ne, inda take nufin mulkin jama'a, ta kuma shigo Hausa a zamanin siyasar jam'iyyu. Amma shawara tsakanin shugaba da mabiyansa ta girmi kalmar nesa ba kusa ba. Wannan takarda za ta bi sawun al'amarin a Garwa, garin da ke bakin kogin Binuwai, da sauran arewacin Kamaru. Tambayar da za a riƙe a zuci ita ce: a kowane zamani, wa ke da ikon naɗa shugaba, wa kuma ke da ikon sauke shi?

2.0 Zamanin Lamiɓe da Fada

Kafin jihadi, ƙabilu irin su Fali da Bata da Mafa da Tufuri suna da tsarin kansu. A wurare da dama dattawan zuri'a da shugabannin addinin gargajiya ne suke yanke shawara, ba tare da wani babban sarki guda ba.

A wajajen 1809 Modibbo Adama ya karɓi tuta daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, aka kafa ƙasar Fombina, watau Adamawa, wadda Yola ta zama babban birninta a 1841. A ƙarƙashinta aka sami masarautu kamar Garwa da Marwa da Ngaundare da Rai Buba. Ana kiran sarkin kowacce lamiɗo, jam'insa lamiɓe a Fulatanci. Majalisarsa kuwa fada ake ce mata, kamar dai yadda ake cewa a ƙasar Hausa, kuma a cikinta akwai sarautu irin su Galadima da Sarkin Yaƙi da Liman da Alƙali.

Fada ce take zaɓen sabon lamiɗo daga gidan sarauta, Yola ta tabbatar. Alƙali da malamai suna iya tuna wa sarki iyakar da shari'a ta gindaya masa. Wannan shi ne tushen shawara. Sai dai tsarin yana da iyaka: mata da bayi da talakawa da yawancin waɗanda ba Musulmi ba, ba su da murya a zaɓen. Saboda haka shawara ce ta manya.

3.0 Mulkin Mallaka da Zuwan Ƙuri'a

Ingilishi sun ci Yola a 1901, Jamusawa kuma suka karya rundunar Lamiɗo Zubairu a Garwa a wannan shekara, sannan a Marwa a farkon 1902. A 1915 sojojin Ingila da na Faransa suka ƙwace Garwa, a 1916 aka raba Kamaru, kaso mafi girma ya faɗa hannun Faransa. Turawan duka sun yi mulki ta hannun lamiɓe. Wannan ya kawo babban sauyi, domin yanzu sarki ya fi tsoron jami'in Bature a kan fadarsa.

Ƙuri'a ta shigo bayan Yaƙin Duniya na Biyu. A 1946 aka kafa majalisar wakilai ta Kamaru, amma masu zaɓe kashi biyu ne: Faransawa daban, 'yan ƙasa daban, kuma 'yan ƙasar ma ba kowa ke da ƙuri'a ba. Sai da dokar Faransa ta 1956 ta zo kowane baligi, mace da namiji, ya sami ikon zaɓe.

Wanda ya fi kowa cin gajiyar wannan sauyi shi ne Ahmadu Ahijo. An haife shi a Garwa a 1924, ma'aikacin gidan waya ne. Ya shiga majalisa a 1947, ya zama firayim minista a Fabrairun 1958, a wannan shekara kuma aka kafa jam'iyyarsa ta UC a Garwa. Ya gane cewa ƙuri'ar arewa tana hannun lamiɓe, don haka ya jawo su a jika. Kamaru ta sami 'yanci ranar 1 ga Janairu 1960, Ahijo ya zama shugabanta na farko.

A Fabrairun 1961 Majalisar Ɗinkin Duniya ta gudanar da ƙuri'ar raba gardama a yankin da Ingila ke riƙo. Kudancinsa ya zaɓi Kamaru, arewacinsa ya zaɓi Nijeriya, ya zama Lardin Sardauna.

4.0 Mulkin Jam'iyya Ɗaya

Ahijo ya gaji ƙasa mai fama da tawayen jam'iyyar UPC, wadda Faransa ta haramta a 1955. Da hujjar tsaro da haɗin kai aka yi dokar hana zagon ƙasa a 1962, a 1966 aka narkar da jam'iyyu cikin guda ɗaya, UNC, a 1972 kuma aka soke tsarin tarayya. An ci gaba da zaɓe, amma ɗan takara ɗaya ne. Garwa ta amfana da filin jirgin sama da manyan gine-gine, sai dai ba ta da bakin sukar gwamnati fiye da sauran garuruwa. Dokar 1977 ta kasa sarakuna daraja uku, ta mai da su mataimakan hukuma.

A Nuwamban 1982 Ahijo ya yi murabus, Paul Biya ya gaje shi. Ba a jima ba suka ɓata. A 1983 aka raba lardin Arewa gida uku, da hedikwata a Ngaundare da Garwa da Marwa. Bayan yunƙurin juyin mulki na 6 ga Afrilu 1984 an kashe sojoji da dama 'yan arewa, wasu aka ɗaure. Ahijo ya rasu a Dakar a 1989, a can kuma aka binne shi.

5.0 Dawowar Jam'iyyu

Iskar da ta kaɗa a ƙarshen yaƙin cacar baka, wadda ta rushe Tarayyar Sobiyat a 1991, ta taɓa Afirka. Jamhuriyar Benin ta yi taron ƙasa a 1990, Nijar ta yi nata a 1991. A Kamaru an halatta jam'iyyu a Disamban 1990, amma gwamnati ta ƙi yarda da taron ƙasa, duk da yajin zaman gida da ya tsayar da birane a 1991.

A babban taron jam'iyyar UNDP da aka yi a Garwa a Janairun 1992, Bello Buba Maigari ya zama shugabanta. A zaɓen majalisa na Maris 1992, cikin kujeru 180, jam'iyya mai mulki RDPC ta sami 88, UNDP 68, UPC 18, MDR 6. Watau gwamnati ba ta sami rinjaye ba. MDR ta Dakole Daisala, wadda ƙarfinta ke tsakanin ƙabilun arewa mai nisa waɗanda ba Fulani ba, ita ce ta haɗa kai da RDPC. A nan tsohon rabuwar kai na zamanin lamiɓe ya sake bayyana a cikin akwatin zaɓe. Ita ma UNDP ta shiga gwamnati a 1997.

Sarauta ba ta bar siyasa ba. Alal misali, Lamiɗon Garwa Alim Hayatu ya haɗa rawani da muƙamin ƙaramin ministan lafiya har rasuwarsa a 2021. A majalisun yankuna da aka fara zaɓa a 2020, kujeru 20 cikin 90 na sarakuna ne.

A 2008 aka cire wa'adin shugaban ƙasa daga tsarin mulki. A zaɓen Oktoban 2025, Isa Ciroma Bakari, ɗan Garwa kuma tsohon minista, ya yi iƙirarin nasara, amma Majalisar Tsarin Mulki ta ba Biya kashi 53.66, shi kuma 35.19. An yi zanga-zanga a Garwa da Duwala, an kuma rasa rayuka.

6.0 Kammalawa

An ga matakai huɗu: fada mai zaɓen sarki, ƙuri'ar da Turawa suka kawo da kaɗan-kaɗan, jam'iyya ɗaya, sannan jam'iyyu barkatai. A kowane mataki da'irar masu murya ta ƙara faɗi, har ta haɗa mata da talakawa da jikokin waɗanda fada ba ta taɓa jin ta bakinsu ba. Amsar rabin tambayar farko ke nan. Rabi na biyu kuwa, watau ikon sauke shugaba, tarihi ya nuna cewa daga 1960 zuwa 2025 shugabanni biyu kacal Kamaru ta yi, kuma sauyin da aka samu tsakaninsu murabus ne ya kawo shi, ba ƙuri'a ba.