Amsar Wasiƙunku: Yaya Ake Gane Tsohon Takobin Turawa?

Wani mai sauraronmu ya ce an kawo masa tallar gajeren takobi, wai na sojan Rum, ko ya saya? To malam, a yi hattara. Na Rumawa na ainihi, wato gladius, ya kusa shekara 2000, tsatsa ta ci shi, galibi sai a gidajen tarihi. In ka ga yana ƙyalli, kwaikwayo ne.

In tsoho kake so, nemi na sojan ƙasa na Faransa, samfurin 1831: mariƙin tagulla, ruwansa kamar santimita 48. Duba gindin ruwan, akwai sunan maƙerar, misali Châtellerault, da hatimin masu dubawa. Sannan girgiza shi. In mariƙi na motsi, ko babu hatimi, riƙe kuɗinka. Allah ya ba da sa'a.