Mudun Waya: Mu San Awon Mega da Giga

'Yan'uwa, wanda ya je awon gero a kasuwar Shinkafi ko ta Zurmi yakan fara duba tiyar mai awo kafin ya miƙa kuɗi. Amma idan muka zo sayen katin memori na waya, yawancinmu mukan karɓi abin da aka rubuta a jikinsa ba tare da tambaya ba.

Katin nan yana da amfani ƙwarai. A watan Satumba na 2021, da hukumar sadarwa ta ƙasa ta sa aka katse layukan waya a Jihar Zamfara saboda matsalar tsaro, mutanen Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi sun yi makonni ba intanet. Abin da mutum ya ajiye a katinsa, waƙoƙin zumunta ko wa'azi ko hoton takardun makaranta, shi kaɗai ya rage masa. Saboda haka ya kamata mu san awonsa.

Mafi ƙanƙantar awo shi ne bit. Bit 8 su ne bait 1, wato wurin harafi ɗaya kamar a ko b. Haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, kowane yakan ci bait 2. Bait 1,000 kilobait 1 ne, kilobait 1,000 mega 1, mega 1,000 kuma giga 1. In kana so ka mai da giga zuwa mega, sai ka ninka sau 1,000. In daga mega za ka koma giga, sai ka raba da 1,000. Waƙar minti 4 takan ci kusan mega 4, don haka giga 1 zai ɗauki waƙoƙi wajen 250.

Sai dai mudun iri biyu ne. Masu ƙera kati suna ƙirga da 1,000, amma kwamfutoci da yawa suna ƙirga da 1,024, domin lissafinsu na ninka biyu-biyu ne. Shi ya sa katin giga 8 yakan nuna kusan 7.4, na 16 ya nuna 14.9, na 32 kuma 29.8. Wannan ba sata ba ce, kada mu yi wa mai shago faɗa a kanta. Tun 1998 masana ma'aunai na duniya suka ba wa awon 1,024 sunayensa daban, mebi da gibi, amma sunayen ba su shiga bakin jama'a ba.

Cutar gaske tana ga katin jabu. Za a rubuta 32 a jikinsa, waya ma ta nuna haka, alhali cikinsa bai wuce giga 4 ba. Da zarar kaya sun zarce hakan, sai hotuna su ƙi buɗewa, waƙoƙi su lalace.

Maganinsa gwaji. Ka sa mai turin waƙoƙi ya cika katin a gabanka, sa'an nan ka buɗe na farko da na tsakiya da na ƙarshe. In ba su buɗe ba, ka mayar nan take. Takardu masu muhimmanci kuma mu ajiye su a wuri biyu. Matasanmu da suka iya wannan lissafi su raka iyayenmu kasuwa, domin kuɗin kati guminsu ne.