Yadda Ake Auna Lafiyar Wayar Fayiba

Idan mai POS a kasuwar Achilafiya ko ta Babura ya ce babu sabis, jama'a sukan ɗora laifin a kan dogon ƙarfen da ke bayan gari. Sau da yawa ƙarfen lafiyarsa ƙalau. Na ƙauye yakan miƙa saƙo ga na gaba da shi, amma a ƙarshe kiran waya da tura kuɗi da hirar WhatsApp duk wayar fayiba suke bi, wadda aka binne a gefen manyan tituna har ta dangana da Legas, inda ta haɗu da waɗanda aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku. A ranar 14 ga Maris, 2024, huɗu daga cikin na tekun, wato WACS da ACE da MainOne da SAT-3, suka lalace a kusa da gaɓar Kwaddibuwa, bankuna da ofisoshi suka sha wuya a ƙasashe da dama na Afirka ta Yamma.

Abin da ke cikin wayar zaren gilashi ne, kaurinsa bai wuce na gashin kai da yawa ba. Hanyar da haske ke bi a tsakiyarsa kuwa maikiron 9 ce kacal, wato kashi 9 cikin 1000 na milimita. Saƙo yana tafiya ne a matsayin ƙyaftawar haske, kuma haske yana raunana a hanya. Da desibel ake lissafa wannan rauni: duk desibel 3 da aka rasa, rabin hasken ya tafi. A 1966 Charles Kao da abokin aikinsa George Hockham suka nuna cewa idan aka tace gilashi har asararsa ta sauko ƙasa da desibel 20 a kilomita, zai iya ɗaukar saƙo. Kamfanin Corning na Amurka ya cim ma hakan a 1970, Kao ya karɓi kyautar Nobel a 2009. Zaren yau yana zubar da kusan desibel 0.35 a kilomita idan aka haska masa haske mai tsawon zango na nanomita 1310, da kusan 0.2 a hasken 1550.

Da waɗannan alƙaluma injiniya ke yin lissafi tun kafin a haƙa rami. A ɗauka za a ja waya mai tsawon kilomita 20 daga Kazaure zuwa wani gari. Zaren kansa zai ci desibel 7 a hasken 1310. Wayar a kan dunƙule-dunƙule take zuwa, dole a yi ta haɗa bakin wannan da na wancan da injin da ke narka gilashi ya liƙe shi. Haɗi mai kyau bai kamata ya ci fiye da 0.1 ba, biyar sun ci rabin desibel ke nan. Sai kawunan da ake sokawa a na'ura a ƙarshen biyu, a ba kowanne rabin desibel. Jimla 8.5. Bayan an gama aiki sai mutum ɗaya ya tsaya a wannan ƙarshe da fitilar gwaji mai sanannen ƙarfi, ɗaya a wancan ƙarshe da ma'aunin haske. In ma'auni ya nuna asarar 8 ko 8.5, madalla. In ya nuna 12, fiye da rabin hasken da ya kamata ya iso ya salwanta a wani wuri, ko da kuwa intanet na aiki a ranar da aka yanke ƙyalle. Irin wannan layi shi ne yake yi yau, gobe ya ƙi, ba a san dalili ba.

Ma'aunin haske yana faɗin nawa aka rasa, ba ya faɗin a ina. Wannan aikin wata na'ura ce da ma'aikata ke kira OTDR. Wanda ya taɓa yin ihu a tsakanin duwatsun Roni ya san amsa-kuwwa: gwargwadon jinkirin dawowar murya, gwargwadon nisan dutsen. Na'urar tana harba ɗan guntun haske cikin zaren, ta tsaya tana auna abin da ya dawo da lokacin da ya ɗauka. Haske a cikin gilashi yana gudun kusan kilomita 200,000 a daƙiƙa. Saboda haka idan ya dawo bayan kashi 1 cikin 10,000 na daƙiƙa, ya yi tafiyar kilomita 20 zuwa da dawowa, matsalar tana kilomita 10 daga inda aka tsaya. A fuskar na'urar ana ganin layi yana gangarowa a hankali. Haɗi yakan fito kamar 'yar matakala, kan sokawa ya yi tsini sama, inda waya ta tsinke kuwa layin ya faɗi warwas. Gwani yakan gwada da haske iri biyu, domin idan wuri ya fi cin hasken 1550 fiye da na 1310, alama ce an lanƙwasa wayar fiye da kima ko wani abu ya danne ta. Yakan kuma auna daga ƙarshen biyu ya raba tsakani, don wani haɗin yakan yi ƙaryar kyau idan daga ɓangare guda aka dube shi.

Akwai inda ake yawan tafka kuskure. Tsawon da na'ura ta faɗa tsawon zare ne, ba na titi ba, saboda a kowane ramin haɗi ana naɗe rarar waya a ajiye don gyaran gaba. In babu taswira da takardar awon farko, sai ka ga lebura sun yini suna haƙa a inda ba nan ba ne.

Abin da ya fi ba ma'aikata ciwon kai a ƙasarmu bai kai wannan girma ba: ƙura. Ƙwayar ƙura ɗaya ta hunturu tana iya rufe wani sashe na hanyar da ba ta wuce maikiron 9 ba, in aka soka kan a haka ma ta karce gilashin. Ƙa'idar ita ce a duba kan da madubin ƙara girma, a goge, a sake dubawa, sannan a soka. Goge shi da bakin riga ko hura masa iska da baki ƙara ɓata shi ne. Don gajeren layi a cikin ofis akwai 'yar fitila mai jan haske, wadda ke sa wurin da ya karye ya yi ja.

Me ya kai wannan magana gaban wanda ba injiniya ba? A watan Mayun 2024 majalisar zartarwa ta tarayya ta amince da shimfiɗa ƙarin kilomita 90,000 na fayiba, a shekarar ne kuma Shugaba Tinubu ya sa hannu kan umarnin da ya sanya kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa. Haƙe-haƙe kuma ba su ƙarewa a yankinmu, ga titi, ga magudanar ruwa, ga layin dogon Kano zuwa Maraɗi da ya ratsa ta Kazaure da Daura. A ganina duk shugaban makaranta ko asibiti ko ƙaramar hukuma da aka jawo wa fayiba, kada ya sa hannu a takardar kammala aiki sai an damƙa masa sakamakon awon kowane zare da taswirar inda aka binne. Masu iya karanta sakamakon ba sai an ɗauko su daga Legas ba, tunda Kazaure na da kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya ta Hussaini Adamu, da cibiyar Informatics da aka kafa a zamanin Gwamna Saminu Turaki. Sana'a ce da ya dace matasanmu su kama.

Mai gona ko mai gini da ya ci karo da wayar, ya dakata ya sanar da mai unguwa ko kamfanin. Kada a leƙa bakin zaren da ya tsinke, domin haskensa ba ya ganuwa amma yana iya lahanta ido, kuma ɓarɓashin gilashin yana shiga fata. 'Yan jari-bola su ma a faɗa musu: zaren gilashi ne, ba jan ƙarfe ba, babu wanda zai ɗora shi a sikeli ya biya su.