Ƙwallon kwando da ƙarfe ɗayan dare

Duk farkon Afrilu autana ba ya barci. Gasar ƙwallon kwando ta jami'o'in Amurka, mai farawa da ƙungiyoyi 68, ta rage huɗu: wasa biyu Asabar, na ƙarshe Litinin. A nan Kumasi sai wajen ɗayan dare ake fara na ƙarshen, ga shago da safe.

Na tashi zan kashe talabijin, ya ce, "Baba, Hakeem Olajuwon fa daga Legas ya tafi." Ai na sani. A 1983 jami'arsa ta Houston ta faɗi 54–52 a daƙiƙar ƙarshe, amma shi aka zaɓa gwarzo.

Na zauna muka kalla. Na dai tuna masa ɗalibai ne waɗannan, sai da takarda ake shiga. Da safe shi ya buɗe shago.